Daga Kano zuwa Jidda: yadda za ka lissafa nisan tafiya da awannin da za ka yi a hanya

Maniyyaci ko mai niyyar umara yakan tambayi ejan ɗinsa awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda, a ce masa huɗu da rabi zuwa biyar. Daga nan sai ya ɗora dukan shirinsa a kan wannan amsa: lokacin da Baba zai sha magani, lokacin ɗaura harami, lokacin da mai tarba zai fito. Amsar gaskiya ce, amma tsakiyar tafiyar kawai ta faɗa. Lissafi uku ne ake cakuɗawa. Akwai nisan da ke tsakanin filayen biyu, akwai lokacin da jirgi zai ɗauka daga tashi zuwa sauka, sannan akwai lokacin da mutum zai yi daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar masaukinsa. Kowanne da yadda ake fitar da shi, kuma duk mai waya da takarda da biro zai iya. Na ɗauki Kano da Jidda ne domin da wuya ka sami unguwar da ba ta da wanda ya bi wannan hanya, amma matakan suna aiki ko daga Yamai ko Abuja ko Akara za ka tashi.

Fara da tantance filayen biyu

Kada ka yi lissafi da sunan gari. Kowane filin jirgin sama yana da lamba ta haruffa uku, ita ce ake bugawa a tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jaka. Filin Malam Aminu Kano shi ne KAN. Filin Sarki Abdul'aziz na Jidda shi ne JED. Na Madina, wato filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, MED ne. Abuja ABV, Sakkwato SKO, Yamai NIM. Ka lura da KAN da KAD, harafi ɗaya ne ya raba Kano da Kaduna, kuma idan hannu ya zame wajen bugawa duk lissafin da zai biyo baya ya ɓaci.

Ka duba kuma inda jirginka zai sauka a zahiri. Jiragen alhazai da yawa Madina suke sauka kai tsaye, ba Jidda ba, kuma Madina ta fi nisa daga Kano da kimanin kilomita 140. A sama wannan minti goma ne kacal, amma a ƙasa yana sauya komai, musamman maganar harami da za mu zo kanta.

Fitar da nisan

Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe shafin Great Circle Mapper, ka rubuta KAN-JED. Zai zana maka layi a kan taswira ya kuma ba ka nisan, wanda ya kai kimanin kilomita 3,420. Wani lokaci za ka ga 2,130 ko 1,850, ka ɗauka an yi kuskure. Ba kuskure ba ne, ma'auni ne ya bambanta. Na farkon mil ne na ƙasa, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne. Na biyun mil ne na teku, shi matuƙa ke amfani da shi, kuma kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Kafin ka rubuta kowace lamba, duba ma'aunin da ke gefenta.

Layin da za ka gani a taswira zai ɗan lanƙwasa, ba zai miƙe sak ba. Dalili shi ne duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ɗauki lemu, ka ɗiga alama biyu a jikinsa, ka ja zare tsakaninsu har ya tsaya tsam: inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi gajarta, kuma ita ake nufi idan an ce nisan filaye biyu. Tsakanin Kano da Jidda wannan layi yana ratsa Jigawa da Yobe, ya shiga kudu maso gabashin Nijar ta wajen Tafkin Cadi, ya ƙetare tsakiyar Cadi, ya shiga arewacin Sudan, ya tsallake Kogin Nilu kusa da Dongola, sannan ya haura Bahar Maliya. Ƙasashen nan su ne kakanninmu suka ratsa da ƙafa da jakuna da raƙuma, ko da yake su ta can kudu suka bi, ta Abece da Darfur da Kordofan har zuwa Sawakin a bakin teku. Wasu sun yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu kuma suka zauna, shi ya sa har yau akwai unguwanni da garuruwan Hausawa a Sudan.

Idan kana son ka tabbatar da lambar da kanka, ga yadda ake yi. Filin Kano yana kusan digiri 12.05 arewa da 8.52 gabas. Na Jidda yana 21.68 arewa da 39.16 gabas. Bambancin arewa ke nan digiri 9.6, na gabas kuma 30.6. Kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne a ko'ina a duniya, don haka 9.6 sau 111 ya ba ka kusan 1,070. Na gabas yana da ɗan sharaɗi, domin layukan da ke tsaye a taswira suna matsowa kusa da juna yayin da ake yin arewa. A tsakiyar wannan tafiya, wajen digiri 17 arewa, digiri ɗaya na gabas kimanin kilomita 106 ne, don haka 30.6 sau 106 ya ba ka kusan 3,250. Yanzu ka ninka kowace lamba da kanta, ka haɗa su, ka nemi tushen jimillar, wato alamar √ a kalkuletar wayarka. Za ka samu kusan 3,420. Wannan dabara tana aiki sosai a tafiya irin wannan, amma idan nisan ya kai kamar Legas zuwa Amurka tana kaucewa, gara ka koma wa shafin.

Mayar da nisa zuwa lokaci

Manyan jiragen da ke wannan hanya, irin su Airbus A330 da Boeing 777, idan sun kai can sama, tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun kilomita 870 zuwa 900 a awa. Amma kada ka raba nisan da wannan lamba, domin jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudu kuma ba ya ƙarewa da shi. Hawa yana cin minti ashirin zuwa talatin, gangarowa ma haka. Ni ina raba nisan da 830, sannan in ƙara minti 30 zuwa 40 na tafiyar ƙasa, wato daga inda fasinja suka shiga zuwa bakin titin tashi, da jiran izini, da kuma daga sauka zuwa inda za a buɗe ƙofa.

To 3,420 a raba da 830 ya ba da kusan awa 4.1, wato awa huɗu da minti shida zuwa bakwai. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: 4.1 ba awa huɗu da minti ɗaya ba ne, ba kuma da minti goma ba, ana ninka abin da ke bayan ɗigo ne da 60. Idan ka ƙara mintunan ƙasa, ka tashi da awa huɗu da minti 40 zuwa 50. Ka ga inda amsar ejan ta samo asali.

Wannan lamba ita ce mafi ƙarancin abin da za ka sa rai. Abu uku ke ƙara ta.

Na farko, jirgi ba ya bin zaren lemun nan daidai. Akwai hanyoyi a sama da aka tsara, da wuraren da dole a bi ta kansu, da inda aka hana ratsawa. A lokacin zaman lafiya wannan ƙari kaɗan ne.

Na biyu shi ne mafi nauyi a wannan hanya, wato rufe sararin samaniya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa an rufe samaniyar ƙasar, alhali wani babban yanki na hanyar Kano zuwa Jidda ta kanta yake. Dole jirage suka riƙa zagaye, har kamfanonin da suka yi jigilar alhazan Najeriya a wannan shekara suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera saboda man da za su ƙona. Lissafinsa mai sauƙi ne: duk ƙarin kilomita 800 da ɗoriya a zagaye, ƙarin awa ɗaya ne a kujera. Saboda haka wanda ya je hajji kafin 2023 ya ce maka awa huɗu da rabi ya yi, gaskiyarsa ya faɗa, amma ba lallai ta zama taka ba.

Na uku iska ce. Gudun jirgi a cikin iska daban, gudunsa a kan ƙasa daban. Idan iska mai kilomita 80 a awa tana tura shi daga baya, ya samu ƙari, idan kuma ta gaba take dukansa, ya rasa. A can sama iskar wannan yanki tana sauyawa da lokacin shekara. A watannin damina akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga gabas zuwa yamma ta saman Afirka, wadda ke taimakon mai dawowa gida ta kuma ɗan riƙe mai tafiya. Shi ya sa zuwa da dawowa ba sa yin daidai, bambancin kan kai minti goma, ashirin ko fiye.

Tunda waɗannan abubuwa suna canzawa, kada ka tsaya a lissafin takarda. Ɗauki lambar jirgin da ke tikitinka, wato haruffa biyu da lambobin da ke biye da su, ka sa ta a shafin bibiyar jirage irin su Flightradar24 ko FlightAware. Za su nuna maka tafiye-tafiyen da wannan jirgi ya yi a kwanakin baya, da ƙarfe nawa ya tashi a zahiri, da awannin da ya yi, da hanyar da ya bi a taswira. A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi tsallakewa. Mako guda na tarihin jirgi ya fi duk abin da za a gaya maka da baki.

Karanta tikiti da agogo biyu

Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da abin zai faru ne. Lokacin tashi agogon Kano ne, lokacin sauka agogon Jidda. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke sauya agogo a shekara. Mai tashi daga Gana kuwa awa uku ne tsakaninsa da Saudiyya.

Mu ɗauka, a matsayin misali, tikiti ya ce tashi 14:00, sauka 20:45. Mai kallo da gaggawa zai ce awa shida da minti 45. Cire awa biyu daga lokacin sauka ka mayar da shi agogon gida: 18:45. Daga biyu na rana zuwa bakwai saura kwata, awa huɗu da minti 45 ke nan. A dawowa abin juyawa yake yi. Idan an rubuta tashi daga Jidda 09:00, sauka Kano 11:50, ka ƙara awa biyu a kan abin da ido ya gani, tafiyar ta zama awa huɗu da minti 50. Ka'idar ita ce ka mayar da lokutan biyu zuwa agogo ɗaya kafin ka debe.

Abu biyu kuma a kan tikitin. Idan ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Sannan jirgin da aka rubuta zai tashi 00:30 ranar Talata, ranar Litinin da daddare ne za ka je filin jirgi, bayan sallar isha. Wanda ya jira sai Talata da daddare zai tarar jirginsa ya tafi tun daren jiya. Idan kai ne ka saya wa dattijo tikiti, ka zauna da shi ka faɗa masa da baki: "Baba, ranar Litinin da daddare za mu fita, ba Talata ba." Ka rubuta masa a takarda da haruffa manya ya sa a aljihu.

Idan jirgin zai yada zango

Masu umara da alhazan jirgin yawo sukan sami tikiti mai sauƙin kuɗi ta Alƙahira ko ta Adis Ababa. A nan sai ka yi lissafin kowane ɓangare daban. Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda kusan 1,220, jimilla 4,320. Ta Adis Ababa kuwa, ɓangaren farko kusan 3,330 ne, na biyu kusan 1,410, jimilla 4,740. Ka raba kowanne da 830, ka ƙara wa kowanne mintunan ƙasa nasa, tunda sau biyu za a tashi kuma sau biyu za a sauka. Ta Alƙahira za ka tashi da kusan awa shida da rabi a cikin jirgi, ta Adis Ababa kusan bakwai. Wannan fa kafin ka sa zaman jira a tsakani, wanda zai iya zama awa biyu, zai kuma iya zama kwana.

Zaman jira shi ne mafi sauƙin lissafi, domin sauka da tashin duka da agogon gari ɗaya aka rubuta su, debewa kawai za ka yi. Sai dai ka san agogon garin. Habasha agogonta ɗaya da Saudiyya. Masar tana gaban Najeriya da awa ɗaya a lokacin sanyi, amma tun 2023 ta dawo da tsarin ƙara awa ɗaya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, don haka a waɗannan watanni ita ma awa biyu ce. A Habasha kuma mutanen gari suna da tasu ƙirgar da ke farawa daga fitowar rana, bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Tikiti da allunan filin jirgi ba sa bin wannan, don haka ka dogara da allo.

Shawarata a kan tsawon zangon ita ce kada ya gaza awa biyu, kuma idan da tsofaffi ko yara a tafiyar a nemi uku. Ka tabbata kuma ɓangarorin biyu a tikiti ɗaya suke. Idan haka ne kuma jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nema maka wani. Idan tikiti biyu ne daban, asarar a kanka take, kuma watakila sai ka karɓi kayanka ka sake kai su awo. Ragin kuɗi kaɗan bai kai a ajiye tsohuwa a kujerar ƙarfe awa goma a garin da ba ta jin yarensa ba.

Haɗa duka daga ƙofa zuwa ƙofa

Yanzu ɗauki takarda ka jera da agogon gida. Sa lokacin zuwa filin jirgi daga inda kake: wanda ke cikin Kano daban, wanda zai taso daga Katsina ko Haɗeja ko Maraɗi daban. Sa awa uku kafin tashi, na awon kaya da duba fasfo da biza da katin rigakafi. Sa awa biyar na jirgi, ko abin da tarihin jirgin ya nuna maka. Bayan sauka sa awa ɗaya zuwa biyu na shige da fice da karɓar kaya, a lokacin hajji kuwa ka ninka, domin tashar alhazai ta Jidda, mai rufi kamar tantuna, tana karɓar jirage daga ko'ina a lokaci guda. Daga filin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, wajen awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ta yi kyau. Akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana da tasha a filin jirgin, yana zuwa Makka da Madina. Idan ka haɗa, mutumin da ke cikin Kano mai jirgin kai tsaye zai yi awa goma sha ɗaya zuwa sha uku kafin ya ajiye jakarsa a masauki. Wannan ita ce lambar da za a shirya magani da abinci da cajin waya a kanta. Alhazan hukuma su ƙara zaman sansanin alhazai, masu tafiya a hunturu kuma su bar sarari saboda hazo, wanda kan hana tashi da sauka a Kano tsakanin Disamba da Fabrairu.

Lissafin gudu yana da amfani na musamman ga mai zuwa Makka ta Jidda. Jirgi yana cin kimanin kilomita 14 a kowane minti, don haka daidai miƙati ba wurin tsayawa ba ne, ƙiftawa da bismilla an wuce. Jirage da yawa masu ɗaukar mahajjata suna sanarwa kafin a iso, amma a lokacin layin banɗaki ya riga ya kai tsakiyar jirgi, ga ma'aikata suna cewa kowa ya zauna ya ɗaura bel, tunda gangarowa kan fara kusan rabin awa kafin sauka. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a yi wanka a sa harami tun daga gida ko a filin jirgi, ko a zangon ƙarshe ga mai bi ta wata ƙasa, a bar niyya da talbiyya sai an kusa. Wanda zai fara sauka Madina ba ya cikin wannan gaggawa, shi daga Zul Hulaifa zai ɗaura idan zai wuce Makka. Hukuncin miƙatin mai jirgi kuwa a tambayi malami tun kafin ranar tafiya.

Salla da azumi ma suna bin wannan lissafi. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, kuma mun ga digiri 30.6 ne tsakanin garuruwan biyu, wato rana tana riga faɗuwa a Jidda da kusan awa biyu. Mai tafiya gabas wuninsa yana gajarcewa: wanda ya tashi Kano da azahar zai ga la'asar da magariba sun biyo juna da sauri, kuma mai azumin umarar Ramadan zai sha ruwa da wuri fiye da iyalinsa na gida. Mai dawowa kuwa wuninsa tsawo yake ƙarawa. A cikin jirgi kada a bi agogon waya, wanda ke maƙale da lokacin garin da aka baro, a duba rana ta taga ko a saurari sanarwar ma'aikata.

Saura mai zuwa tarba. Ka tura masa lambar jirgin da lokacin sauka kamar yadda yake a tikiti, ka gaya masa a fili cewa agogon garinsa ne, kada ya ƙara ko ya rage komai. Ya duba lambar a waya kafin ya tada mota, domin can zai ga ko jirgin ya tashi a kan lokaci da kuma ƙarfe nawa ake sa ran saukarsa. Sannan ya ƙara aƙalla awa ɗaya a kan wannan lokaci, na layin fasfo da jiran kaya, kafin ya sa ran ganin baƙonsa ya fito.